Kujera da Fadama: Nazarin Gonar Wani Tsohon Ɗan Majalisa a Kebbi, 2015 zuwa 2024

Asali: kafin 2015

Mutumin da wannan nazari ya shafa manomin shinkafa ne a ɗaya daga cikin garuruwan fadama na Jihar Kebbi, ya kuma yi zango ɗaya a Majalisar Dokokin Jiha, daga 2015 zuwa 2019. An sakaya sunansa da na garinsu. A nan za a riƙa ce masa Alhaji, kamar yadda ake kiransa kafin a laƙaba masa Onarabul.

Gonar ta gandu ce. Iyayensu sun rasu sun bar kadada 12 a fadama, warwatse a wuri uku, ba a kuwa raba gado ba. Alhaji ne babba, shi ke riƙe da komai. Ƙannensa maza biyu suna noma tare da shi, 'yan'uwansu mata biyu da ke gidajen aure kuma ana kai musu buhunansu kowace kaka. Tun shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na farko wanda Bankin Duniya ya tallafa ya yawaita ƙananan rijiyoyin bututu da injinan ban ruwa masu shan fetur, gidan ya koma noma sau biyu a shekara, damina da rani. Na rani shi ne mai kuɗi. Ana renon iri a ƙarshen sanyi, a yi dashe bayan kimanin mako uku, a yanke kafin ruwan sama ya kankama. A rani mai kyau, kadada ɗaya takan ba su buhu 60 na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba.

Abu uku Alhaji bai taɓa sakar wa kowa ba: shi ke sayen fetur ya raba wa injina, shi ke yanke ranar zuba taki, mabuɗin sito kuma yana aljihunsa. Babu ko ɗaya da ke rubuce. Lissafin gidan duka a kansa yake, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Wannan riƙo, da yadda yake ba ƙananan manoma rancen iri ba tare da wulaƙanci ba, su suka sa dattawan gari suka je suka roƙe shi ya fito takara.

2015: shiga majalisa

An yi zaɓen majalisun jihohi ranar 11 ga Afrilu, 2015, a watan Yuni kuma ya zama ɗaya daga cikin mambobi 24 na majalisar da ke Birnin Kebbi. Doka ba ta raba shi da fartanya ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ya ware noma. Sai dai kundin nan ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, ban da zaman kwamiti, da taron jam'iyya, da tafiye-tafiyen Abuja, da ɗaurin aure da jana'izar da ɗan siyasa ba ya isa ya ƙi halarta. Ya damƙa gonar ga ƙanensa mai bi masa, da baki, bayan sallar isha'i, ya ce abin da aka saba shi za a ci gaba da yi.

Lokacin kuwa shi ne mafi kyau da noman shinkafa ya gani a Kebbi cikin shekaru masu yawa. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shinkafa cikin kayayyaki 41 da ba za a ƙara ba su dala a farashin gwamnati don shigo da su ba. Ranar 17 ga Nuwamba Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, inda aka riƙa ba manomi iri da taki da kayan aiki bashi, ya biya da shanshera bayan girbi. Naira ta faɗi a 2016, shinkafar waje ta yi tsada, ta gida ta samu kasuwa. A Disambar 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafarsu ta haɗin gwiwa mai suna LAKE Rice. A Agustan 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya suka riƙa neman hayar fadama ido rufe.

A cikin waɗannan shekarun ne gonar Alhaji ta soma ja da baya. Ranin 2016 kadada ta ba da wajen buhu 50. Na 2017 ba ta kai 40 ba.

2016 zuwa 2017: inda ruwa ke yoyo

Abin bai zo da sata ba, aƙalla ba irin satar da ake kai ƙara wurin dagaci a kanta ba. Gonar ce ta canja suna a bakin mutane, ta tashi daga gonar gidan su wane ta koma gonar Onarabul, kuma abin Onarabul kowa na da rabo a ciki.

A ɗauki fetur. Da hantsi samari biyu za su tsaya da babur a bakin rijiya, su ce wa ƙanen: "Baba, Onarabul ya ce a ba mu galan biyu, za mu kai saƙo ƙauye." Ƙanen ya kira waya, wayar a kashe saboda ana zaman majalisa. In ya hana, gobe a ce gidan Onarabul sun fara girman kai. In ya bayar, injin ɗaya zai kwana bai tashi ba. Yakan bayar. Shinkafar rani kuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma ruwan rijiya ya yi ƙasa, kwana biyu ba ban ruwa ya isa ƙasa ta tsage.

Taki ya fi wannan muni. Alhaji kan sayi na gona tun da wuri ya ajiye. Sai tawagar wata mazaɓa ta same shi a Birnin Kebbi da kukan rashin taki, shi kuma ya ɗaga waya: "A ba su daga na gona, zan maido." Yana maidowa, ba ya saɓa alkawari, amma bayan mako biyu ko uku. Manomin shinkafa ya san abin da wannan ke nufi. Yuriya, wato takin zamani da ake zuba wa shinkafa, tana da lokacinta, sau ɗaya sa'ad da shuka ke 'ya'ya, sau ɗaya kuma dab da za ta ɗauki ciki. Wadda aka zuba bayan lokaci ya wuce ganye take ƙarawa, zangarniya ba ta amfana, ga shi an kashe kuɗin.

'Yan ƙwadago ma sun gane. Jingar dashe da ake yi wa maƙwabci a farashi ɗaya, a gonar Onarabul sai ta kusa ninkawa, aikin kuma a yi shi sama-sama, a bar tazara mai faɗi don a gama da wuri. Ba mai iya yi musu tsawa, domin kowanne yana da ƙuri'a, yana da dangi masu ƙuri'a. Ranar sussuka kuwa mutane kan cika masussuka tun kafin a ɗinke buhun farko: limamai, makaɗa, matan jam'iyya, da masu gaisuwa kawai. Tuwon girma miyarsa nama, in ji masu magana, kuma Alhaji ba mutum ne da ke iya kallon idon mai roƙo ya ce babu ba.

Gwaji uku da ba su yi ba

Na farko shi ne ƙara kuɗi. Alhaji ya ɗauka ƙarancin jari ne, sai ya riƙa turo kuɗi daga albashi da alawus duk wata. Kuɗin suka bi hanyar da fetur da taki suka bi. Illarsa ta biyu ita ce, daga nan ba wanda ya ƙara sanin ko gonar na ciyar da kanta ko kujera ce ke ciyar da ita.

Na biyu faɗaɗawa. A ƙarshen 2016 ya sayi tarakta ta hannu, ya karɓi hayar wasu filaye har abin da ake nomawa ya kai kadada 30. Fadamar gidan kuwa ƙananan fangaloli ce masu kunya-kunya, tarakta ba ta juyawa a ciki sai ta rushe su. Ta fi yin aiki a gonakin tudu na magoya baya, kyauta, man ma daga aljihun Alhaji. Da ta lalace aka yi makonni ana jiran kayan gyara daga Kano. Rijiyoyi da injina ba su ƙaru daidai da filin ba, ruwan da ke isar kadada 12 aka shiga raba wa 30.

Na uku ya fi kusa da dacewa. A ranin 2018 ya ɗauko wani matashi da ya yi karatu a kwalejin aikin gona ta Zuru, ya ba shi albashi ya ce ya kula da gonar. Yaron ya san aikinsa. Ya dawo da dashe a layi da igiya, ya tsaya kan iri ɗaya, FARO 44, maimakon gauraye-gauryen da ake yi, ya kuma sayi littafi mai bango mai tauri yana rubuta duk galan ɗin fetur da duk buhun da ya fita, da sunan wanda ya karɓa, da wanda ya ce a bayar. Inda ya samu iko amfanin ya ɗan tashi. Amma iko ɗin ne babu. Ranar da ya hana a ɗebi taki, ƙaramin ƙanen Alhaji ya dube shi ya ce: "Ɗana, gonar ubanmu ce. Kai albashi aka ɗauke ka." Da maganar ta je Birnin Kebbi, Alhaji ya ce a yi haƙuri da juna, wato bai goyi bayan kowa ba. Yaron ya gama kakar ya tafi. Littafin ya nuna cewa cikin kowane buhu goma da aka ɗinke, kusan huɗu sun fita ba a biya ko sisi ba, ban da zakka. Alhaji ya karɓa ya jefa a aljihun mota bai karanta ba, domin hankalinsa na kan zaɓen fid da gwani.

2018: zaɓen fid da gwani

Neman tikiti karo na biyu ya ci abin da ya rage. An sayar da shinkafar rani tun a masussuka, lokacin da farashi ke ƙasa. Alhaji ya karɓi kuɗi a hannun wani dillali kan zai biya da shanshera a kaka mai zuwa, a farashin da dillalin ya yanka. Da hakan bai isa ba ya jinginar da kadada 4, mafi kyawun wuri cikin ukun, ga wani ɗan kasuwa. Ƙannensa maza sun sani. Matan ba a gaya musu ba, a bakin mata a gidan suna suka ji.

Daliget suka karɓi abin da aka ba su, suka zaɓi wani. Babbar ƙanwarsa ta zo yi masa jaje, da za ta tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce: "Yaya, kujerar taka ce, Allah Ya ba ka wadda ta fi ta. Amma gonar ta Baba ce." Daga ranar ba ta ƙara taka gidan ba sai bayan shekara biyu.

2019 zuwa 2020: komawa gida da ambaliya

Wa'adinsa ya ƙare a Yunin 2019 ya dawo gida. Kowa ya ce yanzu gona za ta miƙe, ai zuwa da kai ya fi aike. Ta wani ɓangaren haka ne. Ya saki filayen haya, ya karɓi mabuɗinsa, taki ya koma sauka a kan lokaci, ranin 2020 kadada ta haura buhu 50. Kasuwa ma ta taimaka, domin a Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, har da na Kamba, shanshera ta ƙara daraja.

Amma bashi bai ragu ba. Zauren gidan yana cike kamar da, don kowa ya san Alhaji na hangen 2023, shi ma bai musa ba. Bambancin kawai, da akwai albashin da ke toshe ramin, yanzu babu.

Sai ya yanke shawarar fanso komai a kaka ɗaya. A daminar 2020 ya sake cin bashi, ya karɓi hayar fili a ƙwarin da ke dab da gulbi, inda ƙasa ta fi ƙarfi kuma haya ta fi sauƙi saboda dalilin da kowa ya sani. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ruwa ya zo. Gulbin Rima da na Neja suka cika suka batse, fadamun Argungu, Birnin Kebbi, Bunza, Suru, Bagudo har zuwa Yauri suka koma tafki. Kafafen labarai sun ruwaito cewa kimanin kadada 450,000 na shinkafa ne suka nutse a jihar. Irin da ya shuka ba ya jure doguwar nutsewa, kuma ruwan ya daɗe bai janye ba. Bai ɗinke buhu ko ɗaya daga ƙwarin ba.

Ƙarshen 2020: zaman raba gado

Ƙannen ne suka nemi a zauna, shi kuma ba shi da bakin ƙi. Aka kira limamin gari da wakilin dagaci. Maza uku, mata biyu, namiji na da rabon mata biyu, kashi takwas ke nan. Kowane namiji ya tashi da kadada 3, kowace mace ɗaya da rabi. Liman ya ce jinginar da aka yi a wuyan wanda ya yi ta take. Wato rabon Alhaji duka yana hannun ɗan kasuwa, har da kadada ɗaya ta ƙanensa a kai.

A zaman nan ne aka ɗauko littafin yaron Zuru, wanda ɗiyar Alhaji ta tsinta lokacin da ake share motar don sayarwa. Aka karanta a gaban kowa. Zargin da Alhaji ya daɗe yana yi wa ƙannensa a zuci ya faɗi, domin a gaban mafi yawan layukan abin da aka rubuta shi ne "Onarabul ya ce".

Ya sayar da motar da taraktar, ya sallami dillali, ya fanso kadada 2. Ɗaya ya miƙa wa ƙanensa, ɗaya ta zama tasa. 'Yan'uwansa mata, da ba su da mai noma musu, suka ba shi nasu kadada 3 bisa sharaɗin da aka rubuta aka sa hannu: a fitar da zakka, a cire abin da aka kashe, kashi ɗaya cikin uku na ragowar nasu ne. Mutumin da ya taɓa noma kadada 30 ya koma kan 4.

2021 zuwa 2022: tsarin da ya tsaya

Mabuɗin sito ya koma hannun uwargida, littafi hannun ɗiyar. Mai roƙo ba ya shiga cikin gida, Alhaji kuma in ya ce mabuɗi ba ya hannunsa gaskiya ya faɗa. Kyauta ba a daina ba, an dai yi mata iyaka. Ranar sussuka ana fara fitar da zakka, ɗaya cikin ashirin ga shinkafar rani da aka shayar da inji, ɗaya cikin goma ga ta damina. Sai a ware wasu buhuna a gefe da sunan na jama'a. In sun ƙare sun ƙare, sai wata kakar.

Ƙwari aka bar wa rani kaɗai, da damina wurin da ke da ɗan tudu kawai ake shukawa. An daina sayar da komai a masussuka. Ana ajiye kaso sai farashi ya tashi, wani kuma matan gida su turara a kai injin casa a sayar da mudu.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi masa wuya. Bayan wata sallar Juma'a a farkon 2021, ya gaya wa dattawan da suka fito da shi tun farko cewa ba zai sake neman kujera ba, su nemi wani. Cikin wata biyu zauren ya yi sauƙi. Jingar dashe ta dawo farashin kowa. Ranin 2022 kadada ta koma kusa da buhu 60, ya fanso ƙarin kadada ɗaya.

2023 zuwa 2024: ƙarancin kuɗi da tsadar fetur

Tsarin ya gamu da jarrabawa biyu a shekara ɗaya. Ƙarancin takardun naira na Janairu da Fabrairun 2023 ya faɗo daidai lokacin dashe, 'yan ƙwadago kuwa ba su san tiransifa ba. Alhaji ya biya su da mudun shinkafa daga sito, dashensa bai makara ba. Sai kuma ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Manoman rani da yawa suka rage fili, wasu suka juya injinansu zuwa gas.

Shi sai ya je wurin ɗan kasuwar ya ce a mai da kadadar da ta rage a jingina ta zama sayarwa, a ba shi cikon kuɗin. Da shi ya sayi injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana. Suna da iyakarsu: ba sa aiki da dare, ƙarfinsu na raguwa in hazo ya yi kauri, kuma sai fangali ya daidaita sosai ruwan ke kai ƙarshensa. Ya bar injin fetur ɗaya don makonnin da shinkafa ke fitar da kai. A ranin 2024 ya noma kadada 5, biyu nasa uku na 'yan'uwansa mata, ba bashin kowa a kansa.

Hukunci

Bayanin da aka fi yi a garin shi ne gona ta lalace don mai ita ba ya nan. Rashinsa ya yi illa, amma shekarar 2020 ta nuna ba shi ne tushen ba, domin ya dawo, amfani ya tashi, bashi bai motsa ba. Ambaliya ma ba ita ce tushen ba. Ta ci gonakin dubban mutane, amma abin da ya kai Alhaji ƙwarin da manomi mai shekarunsa ya san hatsarinsa shi ne gaggawar biyan bashin siyasa. Tushen a ganina shi ne aljihu ɗaya da aka yi wa gona da kujera, a kan dukiyar da ba tasa shi kaɗai ba. Gwaje-gwajen uku duk sun faɗi ne don ba wanda ya taɓa wannan. Yaron Zuru ya gano ciwon daidai, amma an ba shi littafi ba a ba shi ikon cewa a'a ba.

Gyaran ma ba kyauta ya zo ba. Gandu ya watse, kadada ɗaya ta bar gidan har abada, ƙaramin ƙanen ya ba da rabonsa haya ya koma Jega da zama, tsakaninsa da Alhaji sai gaisuwar salla. Kuma cikin matakan da aka ɗauka, raba gado da raba mabuɗi da ware buhunan jama'a duk abubuwa ne da zai iya yi tun Yunin 2015 yana kan kujera. Wanda ya fi saurin rage masa nauyi kuwa, wato fita daga takara, ba ya cikin abin da ɗan majalisa mai ci kuma mai son komawa zai iya ɗauka.